Bulon ɗin puli ya ƙi kwancewa, CR-V na kan kirik tun jiya

Bakaniken Sabon Gari:
Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanku da zafi. Ina da wata matsala a gareji nan Tawa, tun jiya da hantsi take ci min rai. Wata Hajiya ta kawo CR-V tata, tsohon yayi na 1999, moter B20, otomatik. Pompon ruwa na ɗiga, kurwar distiribisiyon kuwa, wato bel mai haƙora na cikin moter, tun da motar ta zo daga Kwatano ba wanda ya taɓa ta, sai munka yanke a canza su gaba ɗaya tunda hanya ɗaya ce. Na fidda tayar gaba ta hagu, na sassauta kurwowin waje, na cire sipor ɗin moter na tokare shi da kirik. Komi lafiya har na iso kan bulon mai kai 19 da ke riƙe puli, wato faifan da kurwowi ke bi, a bakin bilbirike, babbar sandar da fiston ke juyawa. To nan gizo ke saƙa.

Na sa kile a shok, mai kwance bulon da ƙarfin iska, ya yi ta kuka har kompureser ya ƙare iska, ko gezau. Munka sa doguwar kile da tiyon ƙarfe, puli ɗin kawai ke bin mu yana juyawa. Yaro ya riƙe shi da tsohuwar kurwa, ta zame. Da munka tokare shi da ƙarfen taya, kan kile ɗin ne ya tsage, yaron ya faɗa cikin kwanon baƙin mai. Na fesa degiripan, man sassauta tsatsa, ya kwana, da safe an sake, shiru. Hajiya tana da biki a Ƙwanni ran Juma'a, ta kira ni sau huɗu yau. Wanda ya taɓa gamuwa da irin wannan shi taimaka.

Direban Hiace:
Wa'alaikumussalam. Kai ma dai maigida, wannan ai aikin minti ɗaya ne. Sa dui, kan da ke rufe kan bulon, da doguwar kile, ka jingina hannun kile da ƙasa ko da shasi, ka cire fizibil ɗin pompon esansi kada ta tashi, ka taɓa demarer sau ɗaya tak. Haka ake yi ma tawa duk lokacin da fitilar T-BELT ta canjin kurwa ta kama. Kafin ka saki makulli ya kwance.

Ɗan Bukoki:
Gaskiya ne, mu ma a Yamai haka muke yi ma Corolla da Starlet na ƴan taksi. Demarer ya fi ƙato uku ƙarfi.

Bakaniken Sabon Gari:
To bari in haɗa batir in gwada yanzu.

Tsoho Mai Gareji:
Dakata yaro! Ajiye batir ɗin nan. Kada ka taɓa makulli sai ka gama karanta abin da zan rubuta.

Moter ɗin da ke gabanka hagu yake juyawa. Tsaya gaban puli ka dube shi: na Hiace da na Corolla suna bin hannun agogo, shi wannan saɓanin agogo yake bi. Tsoffin Honda masu silinda huɗu kusan duk haka suke, ƴan gidan B da D da H da F, wato Civic da Accord da Prelude da CR-V ta farko. Shi ya sa ka tarad da kurwa a gefen hagu na mota, ba a dama ba kamar na Toyota. Dabarar demarer tana ci ne don kile ta riƙe bulon, bilbirike shi juya dama, sai shi zare kansa daga jikin bulon. In bilbirike ya juya hagu kuma ka riƙe bulon, mi ka yi? Ka ɗaure shi da ƙarfin demarer. In ka yi sa'a kile ta karye. In ba ka yi ba, bulon shi yanke cikin bilbirike, sannan ka san ka shiga uku, don ba nan Tawa za a fidda guntun ba cikin sauƙi.

Direban Hiace:
Baba, da girmanka, amma ni na ga an yi ma Honda haka da idona a tashar Tsarnawa, kuma ya kwance.

Tsoho Mai Gareji:
Wace Honda? In CR-V ta biyu ce, daga 2002 zuwa sama, moter K ne, mai sarƙa maimakon kurwa, shi dama yake juyawa, ba mamaki ya kwance. Ba sunan da ke bayan mota ake dubawa ba, lambar da ke jikin moter ake dubawa. Wanda bai yarda ba shi sa yaro shi taɓa makulli shi kuma shi tsaya yana kallon puli, ba kuɗi ake biya ba.

Ko a motar da dabarar ke ci ma ni ba na sonta, in faɗa muku gaskiya. Na ga kile ta zame ta fasa radiyater, na ga wadda ta samu yaro a ƙwauri. Amma ba zan ce ban taɓa yi ba, a daji kan hanyar Abalak an yi, da ba abin da ke hannu.

Ɗan Bukoki:
Na janye tawa. Ban lura da B20 da ya rubuta ba.

Sabon Shiga:
Baba to in moter ɗin hagu yake juyawa, ke nan bulon ɗin ma na hagu ne ko? Wato ta dama ake kwance shi? Haka na ji wani yana faɗi.

Bakaniken Sabon Gari:
Tunda an zo nan bari in faɗi abin da na ɓoye. Jiya da la'asar maƙwabcina ya zo ya ce min haka nan, wai na hagu ne. Munka juya kile munka ja ta dama, mu biyu, kusan sau biyar.

Tsoho Mai Gareji:
Innalillahi. To kun ƙara ma Barno dawaki. Bulon ɗin nan na kowa da kowa ne, hagu ake kwance shi, dama ake ɗaure shi, babu wani sirri. Abin da kunka yi jiya ɗaure shi kunka yi. Allah ya taimake ku puli ɗin bai riƙu da kyau ba, da yanzu wata magana ake.

Ban ga laifin maƙwabcin naka sosai ba, don na hagun suna nan a cikin sana'a. Ekurun da ke riƙe fankar wasu BMW, mai kai 32, na hagu ne. Wasu manyan motoci irin su Canter ekurun ƙafafunsu na gefen hagu na hagu ne, za ka ga an buga harafin L a kai. Mutum shi ga wannan sau ɗaya sai shi ɗauka duk abin da ya ƙi kwancewa na hagu ne.

Mai Shayin Gareji:
Ni ba bakanike ba ne, shayi nike dafa musu, amma tun jiya ba wanda ya biya ni kofi ɗaya saboda bulon ɗin nan. Don Allah ku taimake shi in samu kuɗina.

Ɗan Agadas:
A sa mai wuta kawai. Shalimo minti biyu, ƙarfe ba ya musu da wuta.

Mai Walda:
Ni wuta ce sana'ata, da ita nike ci, amma a nan ba zan ba da wannan shawara ba. Ɗauki puli ɗin irin wannan a hannu ka duba da kyau, ba ƙarfe ɗaya ba ne. Ƙarfe biyu ne, na ciki da na waje, da roba a tsakani, robar ce ke shanye girgizar bilbirike. In ta sha wuta ba ranar za ka gani ba. Bayan wata ɗaya ko biyu zoben waje shi fara zamewa, alamar kalaji, wato saitin moter, ta kauce daga wurinta, wata rana shi fita gaba ɗaya shi tafi da kurwar alternater. Bayan puli kuma akwai murfin roba, akwai jwan sipi na gaba mai hana mai ɗiga, akwai mai da ya taru shekara da shekaru. Garin gyaran gira sai a rasa ido.

Ɗan Agadas:
Ai ba cewa na yi a mai da shi ja ba. Kan bulon kawai, ɗan zafi.

Mai Walda:
Wannan na yarda, in komi ya ƙare, da ƙaramin baki, da jiƙaƙƙen tsumma kewaye da robar, da bokitin rairayi kusa. Amma har yanzu komi bai ƙare ba, don shi bai ma riƙe puli ɗin ba tukuna. Mutum na kokawa da abin da ke juyawa, ina za shi kada shi?

Na Damagaram:
Salam. Ga yadda muke yi a nan idan babu kayan aiki. A cire buji ta ɗaya, a kawo fiston ƙasa yana shirin hawa a lokacin matsa iska, sai a tura igiyar nailan mai laushi ta ramin buji kamar mita ɗaya da rabi, a bar bakinta a waje. Idan fiston ya hau sai ya danne igiya ya tsaya cak. Na kwance da yawa haka.

Tsoho Mai Gareji:
Tana ci, ban musa ba. Sai dai sharaɗi biyu ne, kuma yaran yanzu ɗaya suke riƙewa. Na farko ka faɗe shi, sai supap duka, ƙofofin iskar moter, suna rufe. In ka kuskure ka tura igiya lokacin da supap ke buɗe, ka lanƙwasa su da hannunka, aikin kurwa ya koma aikin kulas, a buɗe kan moter. Na biyu shi ne duk ƙarfin da ka sa kan tiyo, biyel ɗaya, sandar da ke haɗa fiston da bilbirike, ita ce ke ɗauke da shi. A bulon mai hankali ba komi. A wannan da ƙatti biyu sunka ƙara ma ɗauri jiya, ni ba zan ɗora ma biyel ɗin Hajiya wannan kaya ba.

Na Damagaram:
Ban taɓa lanƙwasa biyel ba, Baba.

Tsoho Mai Gareji:
Allah shi sa kada ka fara.

Ɗan Bukoki:
Da mai ambiriyaji ce da an sa bitesi ta biyar yaro shi taka birki. Tunda otomatik ce wannan ba ta taso ba, ko ka sa P ba ya riƙe moter, ƙafafu kawai yake riƙewa. To a buɗe ɗan murfin da ke ƙasa tsakanin moter da buwat ɗin bitesi a soka babban turnabis a haƙoran bolan, babban faifan da ke bayan moter, mana.

Tsoho Mai Gareji:
A otomatik ba bolan mai kauri ba ne, faranti ne siriri, kuma turnabis jikin alminiyom za ta jingina. Haƙori ɗaya shi ɓalle, kullum demarer ya zo wurin sai ya yi gurnani, mai mota kuma ba za ta manta garejin da abin ya faro ba. Kuna ta zagaye-zagaye alhali masu motar sun bar muku ƙofa. Yaro, ɗauki tocila ka leƙa cikin puli ɗin, kewaye da kan bulon. Mi ka gani?

Bakaniken Sabon Gari:
Akwai rami mai kusurwa shida, babba, ya cika da ƙasa da mai. Na kankare shi yanzu.

Tsoho Mai Gareji:
To shi ne. Faɗinsa milimita 50. Ba ado ba ne, wurin kayan riƙo ne. Akwai ƙarfe na musamman mai kusurwa shida da ke shiga nan, da rami a tsakiya inda dui 19 ke wucewa. Ka riƙe puli da shi, ƙarfin duka shi tsaya nan gaba, bai bi ta fiston ba, bai bi ta bolan ba.

Bakaniken Sabon Gari:
Baba ina zan same shi a Tawa yau? Ko an sa a mota daga Yamai sai gobe da dare.

Mai Walda:
Ba sai ka jira ba. Je wurin masu kayan manyan motoci ko ƴan gwangwan, ka nemi ekuru M33, faɗinsa daga gefe zuwa gefe 50 ne daidai. Ka tafi da abin awo, kada ka yarda da ido. Ka tafi da dui ɗin naka ma, ka gwada ko yana wucewa ta cikin ramin ekuru. In ya matse sai a ci haƙoran ciki kaɗan da dutsen guga. Sannan a liƙa mai guntun tiyo mai kauri don hannu shi fito waje da bakin puli, a liƙa hannu na ƙarfe mai faɗi kamar rabin mita. Tsohon lam na resor ya fi, amma shi sai an ɗumama shi kafin walda, in ba haka ba yana tsagewa a bakin ɗinki. A zagaye waldar duka, ba ɗigo-ɗigo irin na ƙofar gida ba. Duk mai walda da ya san aikinsa awa ɗaya ta ishe shi, in akwai wuta.

Bakaniken Sabon Gari:
In akwai wuta ɗin. Tun sha ɗaya anka ɗauke.

Mai Walda:
Nemi mai gurup, injin wuta, ka ƙara mai kuɗin esansi.

Mai Kayan Gyara:
Akwai kurwa da gale da pompo na CR-V sabbi dal, farashi mai sauƙi, a tuntuɓe ni ta ciki.

Mai Kula da Zaure:
Elhaji, talla ran Asabar ce, an sha faɗi. A bar mutane su gama da bulon.

Malamin Makarantar Sana'a:
Barkanku. Ina so in koma kan kile a shok, don mutane da yawa suna zagin na'urarsu alhali ba laifinta ba ne. Maigida, da ka sa ta, ralonji, sandar ƙara tsawo, nawa ka haɗa, kuma wane irin tiyon iska gare ka?

Bakaniken Sabon Gari:
Ralonji biyu, doguwa da gajera. Tiyo kuwa irin siririn nan ne mai lanƙwasa kamar igiyar tarho, wanda muke hura taya da shi. Kompureser lita 50.

Malamin Makarantar Sana'a:
To ka ga inda ƙarfin ya tafi. Ita kile a shok ba turawa take ba, duka take, kamar guduma. Kowace ralonji tana murɗewa kaɗan ta dawo, kowace mahaɗa tana da ɗan wasa, kafin dukan ya isa kan bulon ya zama shafa. Sannan ana so iska ta kai wajen bar 6 a bakin na'urar lokacin da take aiki, ba a agogon tanki lokacin da take zaune ba. Siririn tiyo ba ya iya kawo wannan, sai ka ji tana ihu amma ba nauyi a dukan. A sa tiyo mai faɗin milimita 10, gajere, a bar tanki ya cika, a sa dui kai tsaye ba ralonji. Akwai ma dui 19 mai kauri da nauyi da ake yi musamman saboda bulon ɗin Honda, nauyinsa ne ke ƙara wa dukan ƙarfi. Kuma baƙin dui ake sa wa shok, mai ƙyalli yana fashewa ya watsa ɓaraguzai a fuska.

Degiripan da ka fesa kuma kusan asara ce a nan. Ƙarƙashin kan bulon akwai rondel, zoben ƙarfe mai kauri, da ta manne da puli, ba ta inda ruwa zai bi ya isa ciki. Yawanci ma ba tsatsa ce ke riƙe da shi ba, matsi ne tsakanin kan bulon da rondel.

Direban Hiace:
Malam ya kawo aji cikin zaure. Mu dai da ba mu yi lakkwal ba motocinmu na tafiya.

Malamin Makarantar Sana'a:
Suna tafiya, yayana, da hannun waɗanda suka kula. Bari in ƙara lissafi ɗaya in yi shiru. Mutum mai kilo 70 idan ya ɗora nauyinsa a ƙarshen tiyo mai tsawon mita ɗaya, ya ba da kusan 690 Nm, ma'aunin ƙarfin ɗauri ke nan. Idan tiyon mita ɗaya da rabi ne ya haura 1000. Littafin motar 177 Nm ya ce a ɗaure wannan bulon. Ke nan mutum ɗaya ya isa, ba sai an tara unguwa ba. Amma kile mai baki rabin inci ba za ta ɗauki wannan ba, ita ce ta tsage jiya. A aro mai baki uku bisa huɗu a wurin masu gyaran manyan motoci, da ralonji irin tata, da dui mai kusurwa shida. Mai kusurwa goma sha biyu tana cinye kan bulon.

Sabon Shiga:
Malam in 177 ne kawai me ya sa yake gagara haka?

Malamin Makarantar Sana'a:
Shekaru na zafi da sanyi suna sa fuskokin ƙarfen su manne, kwancewa takan nemi fiye da abin da aka ɗaure da shi nesa ba kusa ba. Sai kuma mu kanmu. Wani ya ɗaure da shok har sai ta daina motsi, don tsoron kada ya kwance a hanya, ya bar wa na bayansa wahala. Kuma kada a ɗauka 177 ɗin na kowa ne. Corolla mai 1ZZ 138 ne, Accord V6 245, Hilux mai 1KD 365, Land Cruiser mai 1FZ 412. Wanda ya saba da hannun Land Cruiser ya zo kan Corolla da wannan hannun, ya san abin da zai biyo baya.

Tsoho Mai Gareji:
Malam ya gama magana. Saura abu ɗaya da na gani tun a saƙon farko na yi shiru. Ka ce ka cire sipor ka ɗora moter kan kirik. Mai da shi. Moter da ke lilo kan kirik, duk ja da ka yi shi ke shanyewa, kuma yana iya zamowa shi fasa karter. Bulon ɗin puli shi ake fara karyawa, moter na ɗaure, kurwa na kai, sannan a kwance sauran.

Ga yadda za ka jera. Mota kan shandal, ƙafafun ƙarfe na tokare mota, ba kan kirik kaɗai ba, kuma ba kan bulo na siminti ba. Ƙarfen riƙo cikin puli, hannunsa shi kalli gaban mota shi jingina da ƙasa, ka sa katako ƙarƙashi don rairayin garejinku. Ralonji ta fito ta wurin taya har waje, ka tokare ƙarshenta da wani shandal daidai tsayin bulon, don ta tsaya miƙe. In ba ka tokare ba, dui ɗin zai karkace shi zame. Kile da tiyo su ma su kalli gaban mota, ka danna ƙasa. Dannawa a hankali da nauyin jiki, ba tsalle ba. Kada kowa shi tsaya saitin tiyo, kada yaro shi sa kai cikin wurin taya wai yana riƙe dui.

Bakaniken Sabon Gari:
Na ji Baba. Na samu ekuru, mun auna 50 cif. Yana wurin mai walda. An kira magariba, sai da safe in Allah ya kai mu.

Mai Shayin Gareji:
Kwana na biyu ba a biya ni ba.

Bakaniken Sabon Gari:
Ina kwananku. Alhamdulillahi ya kwance! Karon farko hannun ƙarfen ya nutse cikin ƙasa don katakon ya tsage, munka sa tsohon diski na birki a ƙarƙashi. Karo na biyu na ɗora nauyina, tiyo ya yi ta sauka har na ce wani abu zai karye, sai ji munka yi ƙau kamar an harba bindiga. Mai gyaran babur na gefe ya fito a guje. Na ɗauka ralonji ce ta yanke, na duba, ashe bulon ne. Da yatsa na ƙarasa fidda shi. Puli ɗin ma ya fito da hannu, ba a sa arashi na zaro shi ba. Na gode Baba, na gode Malam, na gode mai walda, Allah shi saka.

Tsoho Mai Gareji:
Madalla. Yanzu duba bulon ɗin da kyau a rana, tunda ya sha ja ta dama. In ka ga haƙoransa sun miƙe ko wuyansa ya sirance, kada ka mai da shi. Kuma kula da kilabet, ɗan guntun ƙarfen da ke cikin tsagar bilbirike. Yana bin puli shi faɗo ba ka sani ba. In za ka juya moter don kawo farar alama kan kibiya, hagu za ka juya shi, yadda yake tafiya. Farar da ke ita kaɗai, ba ukun da ke jere ba, waɗancan na saitin wuta ne. Moter ɗin nan in kurwa ta tsallake haƙora fiston na gamuwa da supap. Ba banza ake ce mata kurwa ba, in ta fita mota ta mutu.

Malamin Makarantar Sana'a:
Wajen mayarwa: a goge bulon da rondel da bakin puli tas, a shafa ɗan man moter a haƙoran bulon da ƙarƙashin kansa, a riƙe da ƙarfen nan da aka ƙera, a ɗaure 177 da kile dinamo, mai auna ƙarfin ɗauri. Ban da shok.

Ɗan Agadas:
Kile dinamo nawa ne a duk garejojin Tawa, Malam? Mu hannunmu ne dinamo. Shekara ashirin ban ga wanda ya kwance min ba.

Malamin Makarantar Sana'a:
Bai kwance maka ba, amma ka tambayi wanda ya zo kwancewa bayanka. Idan babu dinamo akwai sikeli: mai kilo 60 ya ɗora nauyinsa a nisan santimita 30 daga tsakiyar bulon, kile a kwance daidai, ya ba da kusan 177. A auna da mita a sa alli a jikin kile. Ya fi a ce hannu.

Na Damagaram:
Wannan lissafin zan gwada shi. Amma in ja kunnen masu karatu kada su ɗauki labarin nan su kai kan kowace mota. Akwai injinan da ba su da kilabet sam, irin K4M na Renault da wasu na Ford da Mazda, matsin bulon ne kaɗai ke riƙe kalaji. Ka sassauta shi ba ka kulle bilbirike da sandunan kam ba, komai ya watse, kuma sabon bulon ake sa wa, ba a maida tsoho. Golf mai 1.9 dizal kuma ba a ma taɓa babban na tsakiya don canjin kurwa, ƙananan huɗun nan ake kwancewa puli ya fito.

Direban Hiace:
To maigida, nawa za ka caji Hajiya? Kwana biyu, kile ɗaya ta mutu, ga kuɗin walda.

Bakaniken Sabon Gari:
Abin da munka yi ciniki tun farko. Kile tawa ce, gangancina ya karya ta. Ƙarfen kuma yana nan rataye, CR-V da Civic ba su ƙare a garin nan ba.

Baba, maganar kilabet da ka yi. Na duba tsagar, babu shi. Na duba cikin puli, babu.

Tsoho Mai Gareji:
Na faɗa maka. Kada kowa shi taka wurin, kada a share. Nemo maganaɗisun tsohuwar sifika ka ja shi cikin rairayi, daga ƙarƙashin mota zuwa inda ka ajiye puli. Kada ka sake ka yanko ƙusa ka sa a madadinsa.

Bakaniken Sabon Gari:
Mun samu rondel uku, ekuru 10 guda biyar da muke nema tun azumi, da dala ashirin. Kilabet ɗin yana cikin kwanon baƙin mai, inda yaron ya faɗa shekaranjiya, don nan na ɗora puli. An wanke shi da esansi, lafiyarsa lau.

Mai Shayin Gareji:
Dala ashirin ɗin tawa ce.

Ɗan Bukoki:
Maigida, ɗauko min hoton ƙarfen nan ta gaba da ta gefe, da mita a jikinsa. Akwai wata Accord da ke zuwa min ran Litinin.